Kofin Kaka Tilla

Tsibirin Cutler, 9 ga Satumba, 1986

Taubashiyata Binah,

Sallama irin tamu, ki amsa da amin irin ta cocinku, duk ɗaya ne a wurina. Ya karatu, ya Chicago, ya 'yarki Dosha mai kumatu? An ce ta fara rarrafe. Mijinki Ezra ya aiko da wasiƙa daga jirgin sojan nasu, ko har yanzu yana can yana gadin kifaye? Mu nan lafiya lau. Goggo Hagar tana fama da gwiwa, amma bakinta garau. Ko jiya sai da na sha zagi don na bar raga jiƙe a baranda.

Wasiƙarki ta iso ran Juma'a, na karanta sau biyu saboda dariya. Wato yanzu an buɗe aji guda a jami'a don karanta littattafan mutanen da ba a kula su da ba, mu baƙaƙe, da 'yan asalin ƙasar nan, da 'yan China, da 'yan Mexico. Kuma malamarku ta ce kowa ya kawo wani abu daga gidansu tare da labarinsa. Ke da kika bar tsibirin nan kina toshe hanci saboda warin laka, yau ke ce mai cigiyar kayan gargajiya. Kika rasa wanda za ki tambaya sai ni, wanda ubansa ya musulunta a Newark ya zaunar da shi gaban malamin Alƙur'ani shekara tara, ko ƙofar ajin boko bai taɓa leƙawa ba.

To na ji tausayinki. Buɗe kwalin a hankali, akwai farin kofi mai shuɗin fure a ciki. Kin san al'adarmu. In mutum ya rasu, abin da ya sha ruwa da shi na ƙarshe a kan kabarinsa ake fasa shi, don kada ya dawo nema. Jarrabawa ta hana ki zuwa jana'izar Kaka Tilla, shi ya sa ba ki ga nata ba. Shi ne wannan. Da aka buga shi bai tarwatse ba, bakin ne kawai ya ɓalle. Na je maƙabarta da rana tsaka na ɗauko miki. Ina ɗaga shi duk tsuntsayen wurin suka yi tsit. Ƙasar da ke ciki ta kabarin ce, kada ki wanke.

In malamar ta ba ki maki mai yawa, rabi nawa ne. Ki sa a ambulan ki aiko.

Ubangidanki,
Lukman

*

Chicago, 24 ga Satumba

Lukman, bawan gidanmu,

Na gode da gaisuwa, muna lafiya. Ezra ya rubuto, sai bayan Kirsimeti za su dawo. Ka gaishe da Goggo, ka ce ta daina hawa tsani da wannan gwiwar.

Kai ba ka da tsoron Allah, duk da karatun naka. Kabarin Kaka ka je ka taɓa? Goggo ta sani? Da na buɗe kwalin sai da na ja da baya. Amma ba zan ɓoye maka ba, kofin ya yi aiki. Kwana uku ya yi a kan kantar da ke saman gadon Dosha, ran Litinin na kai shi aji.

Makon nan muna karanta wani littafi da matacciya take dawowa gidan da ta bari. Malama Whitlock ta koya mana cewa irin waɗannan fatalwa ba fatalwa ba ne, alama ce ta tarihin da aka hana mutane binnewa. Da na ajiye kofin a tebur na ba da labarinsa, har da tsuntsayenka, kowa ya zuba wa kofin ido. Sai Lorena Yazzie, wata 'yar Navajo, cikin 'yan asalin ƙasar nan, da muke zama benci ɗaya, ta kwashi littattafanta ta fita. Na same ta daga baya a matakala. Ta ce su ba sa zama ɗaki ɗaya da kayan mamaci, ko sunansa ba sa kira. Ta tambaye ni ko ina da ƙaramin yaro a gida, da na ce e, sai ta sauka matakalar ta tafi. Washegari kuma Grace Fong, wadda kakanninta 'yan China ne, ta zo da lemo biyu ta ajiye kusa da kofin, ta ce ba a barin tsohuwa a baƙon wuri ba abin taɓawa.

Malama ta ji daɗi ƙwarai. Ta rubuta a allo: kofi ɗaya, al'umma uku, amsa uku. Ta ce abin da littattafan suke ƙoƙarin nuna mana ke nan. Yanzu kofin yana cikin akwatin gilashi a barandar sashenmu, an kulle, da kati mai sunan Kaka, sai ƙarshen zango za a buɗe.

Dosha tana nan da ƙiriniyarta. Kwanakin nan dai ta cika shan ruwa. Ta shanye kwalba ta miƙo hannu a ƙara. Mai rainonta ta ce haƙori ne.

Uwargijiyarka,
Binah

*

Tsibirin Cutler, 1 ga Oktoba

'Yar jami'a,

Ina gaisuwa, amma ki yi haƙuri da rubutun, ina dariya nake yin sa. Na karanta wasiƙarki a bakin gadar da jirgin ruwa ke tsayawa, har mai jirgi ya tambaye ni ko lafiya.

Kofi ɗaya, al'umma uku! Binah, wannan kofin bai taɓa ganin maƙabarta ba. A kicin na ɗauko shi, can ƙuryar kabad bayan gwangwanin gari, naɗe cikin wani tsohon ƙyalle. Bakin ni na ɓalle shi da filaya. Ƙasar kuwa ta akurkin kaji ce, in kin shinshina da kyau za ki gane. Tsuntsaye kuma ba su taɓa yi wa kowa shiru a tsibirin nan ba, ko fasto yana huɗuba.

Wato malama guda mai digiri ta kulle kashin kajin Goggo a gilashi, ta sa masa kati. Ki ba wa mai lemo haƙuri, ki ce tsohuwar ta gode. Ni dai abin da aka koya mini, wanda ya mutu ya tafi ke nan, yana can da aikinsa, ba ruwansa da shayi.

Kada ki gaya wa malamar sai ta rubuta makin da biro.

Wanda ya fi ki wayo,
Lukman

*

Tsibirin Cutler, 3 ga Oktoba

Binah,

Ina fata kuna lafiya, ke da yarinyar. Ki karanta wannan har ƙarshe.

Yau da hantsi na dawo daga kamun jatan lande na tarar da Goggo ta sauke duk kayan kabad a ƙasa. Ta hau kujera da wannan gwiwar. Ta tambaye ni ko na ga wani abu naɗe a ƙyalle. Na yi niyyar in ja ta da wasa, sai na ga fuskarta. Na gaya mata gaskiya, na ce yana Chicago.

Ba ta zage ni ba. Kin san Goggo, da ta zage ni da hankalina ya kwanta. Zama ta yi a kan buhun shinkafa ta ce in rufe ƙofa.

Ta ce wanda aka fasa a kabari ran jana'iza nata ne, ba na Kaka ba. Iri ɗaya ne, tare suka saye su. Da na Kaka ta ba ta shayin ganye da safen da ta cika, ta kurɓa sau biyu ta kauda kai. Da aka zo ɗaukar gawa sai ta musanya. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Shekara saba'in da ɗaya muna gida ɗaya da yayata. In na fasa, ta tafi. Ni da wa zan zauna, da kai?"

Ta ce wata biyar ɗin nan Kaka tana nan. Ba ganinta take yi ba. Sai dai in tana tsince shinkafa a baranda, takan ji kujerar gefe ta ɗan yi ƙara kamar an zauna. Amma tun farkon Satumba kujerar ba ta motsa ba, ta ɗauka fushi ake yi da ita, shi ya sa yau ta je duba kofin.

Daga nan ta tambaye ni inda kika ajiye shi da ya iso. Na ɗauko wasiƙarki na karanta mata, har wurin kantar da ke saman gado, har wurin shan ruwan Dosha. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce Kaka da ƙishirwa ta mutu, kwana huɗu ruwa ba ya wuce maƙogwaronta. Ta kuma tuna mini cewa duk jariran dangi an miƙa su ta kan akwatin gawar kamar yadda ake yi, don kada mai tafiya ta waiwayo su, ban da Dosha, tunda ba ku zo ba.

Ta ce ki dawo da kofin yanzu, a fasa shi inda ya kamata. Ba a can ba, a kan kabarin.

Wayar kanti ta lalace tun guguwar bara, da na kira ki.

Lukman

*

Chicago, 13 ga Oktoba

Lukman,

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, na karanta su a jere a kan bencin asibiti. Ba ni da gaisuwa yau.

Ta farko ta ba ni haushi, amma na yi dariya, don halinka ne. Ta biyun ce ban yafe ba. Ka ga ƙaryar kofin ta ci, shi ne ka zauna ka ƙirƙiro wadda ta fi ta, ka sa Goggo a ciki, ka sa kujera mai ƙara, ka ɗauki abin da na faɗa maka game da 'yata ka yi miya da shi. Ka manta kai ne ka rubuto mini a shekarata ta farko a nan cewa Goggo ta rasu, na yi kuka kwana guda, ashe akuyarta ce? Na san yadda kake gina labari. Da ka yi boko da littafinka muke karantawa a ajin nan.

An kwantar da Dosha tun ran Alhamis. Tana sha ba ta ƙoshi, leɓenta ya tsage, ta rame har awarwaron hannunta na zamewa. Sun gwada ciwon suga, babu. Sun gwada ƙoda, lafiya lau. Gobe za su ɗauki hoton kanta. Wannan ciwo ne, yana da suna, likitoci za su samo shi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wa ya koya mata hura kwalba kafin ta sha. Wai sai ta hura sau uku, alhali ruwan sanyi ne. Na ce yara suna kwaikwayon abin da suka gani. Kada ka soma, na san abin da za ka ce.

Kofin kuma ba a hannuna yake ba. Na sa hannu a takarda, sai Disamba. Ko da a hannuna yake, ba zan je gaban Malama in ce a buɗe mini akwati don fatalwa na jin ƙishirwa ba. Wata biyu ina koyon yadda ake karanta irin wannan labarin ba tare da an zama wawa ba.

Kada ka sake rubuto mini sai ka girma.

Binah

*

Tsibirin Cutler, 19 ga Oktoba

Yaya Binah,

Ban taɓa kiran ki Yaya ba, kin sani. Allah ya ba Dosha lafiya.

Ba ni da hanyar da zan sa ki yarda, ni na ɓata hanyar da hannuna. Na yi alwala, na ɗora hannu a kan Alƙur'anin Babana, na rantse wasiƙar uku ga wata ba wasa ba ce. Kin san ina wasa da komai ban da wannan.

Ban ce miki na yarda matattu suna bin kofi ba. Har yanzu ban san abin da na yarda da shi a nan ba. Amma a ina Dosha ta ga Kaka tana hura shayi sau uku, ita da ba su taɓa haɗuwa ba? Ni da ke muka gani, shekara da shekaru.

Ki bar ta a hannun likitoci, kada ki cire ta. Kofin kawai nake roƙo. In na yi ƙarya, kofi kika yi asara.

Goggo ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa: "Binah, laifina ne, ba na yaron nan kaɗai ba. Na riƙe abin da ba nawa ba. Ki aiko mini in sallame ta." Shuɗin da ke ƙasa babban yatsanta ne, da shunin wanki ta dangwala.

Lukman

*

Tsibirin Cutler, 31 ga Oktoba

Yaya,

Jirgi uku ya zo ba wasiƙarki. Kullum ina bakin gada kafin ya tsaya. Goggo ta daina cin abincin kirki. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Lukman

*

Chicago, 3 ga Nuwamba

Lukman,

Ga shi nan, na naɗe shi cikin rigar Dosha don kada ya fashe a hanya.

Hoton kai bai nuna komai ba. Yanzu ta jijiya suke ba ta ruwa, duk da haka tana miƙo hannu. Ba ta kuka kuma, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Na je wurin Malama Whitlock ran Laraba. Ta saurare ni da kyau, ba ta yi dariya ba, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce abin da nake ji shi ne ainihin abin da marubutan nan suke rubutawa, in zauna in rubuta shi. Kofin kuwa, ta ce kayan tarihi ne, da yawa irinsa sun salwanta, bai kamata a fasa ba. Ta ce in ba ta mako guda ta yi magana da shugaban sashe.

Lorena ce ta same ni a baranda ina tsaye gaban akwatin. Tun ranar nan ba ta bi ta wurin ba, zagayawa take yi ta bayan gini. Ta tsaya daga nesa ta miƙo mini ƙaramar guduma daga jakarta, ta juya baya. Da rana ne, ɗalibai suna wucewa. Gilashin na fasa, ba kofin ba.

Wata guda da rabi yana kulle, Lukman. Ƙasar da ke cikinsa jiƙe take.

An kira ni gaban kwamiti mako mai zuwa. Ka yi abin da Goggo ta ce.

Binah

*

Tsibirin Cutler, 8 ga Nuwamba

Yaya Binah,

Ina gaisuwa, ina yi wa Dosha addu'a kowace salla.

Kwalin ya iso ran Alhamis, ranar muka je. Goggo ta ƙi hawa amalanken maƙwabci, ta ce da ƙafa za ta. Tafiyar da nake yi cikin minti ashirin sai da muka yi awa guda. Ta sa farar rigarta ta coci. Ita ta riƙe kofin, ni na riƙe tulun ruwa.

A bakin maƙabarta ta tsaya ta nemi izini kamar yadda ake yi, ta ce, "Dangi, mun zo, ba da faɗa ba, ku ba mu hanya." Na saba yi mata dariya a kan wannan. Ranar na tsaya har ta gama, na yi tawa sallamar ga mutanen kabari, muka shiga.

Ta wanke kofin tas, ta cika shi da ruwa, ta tsiyaye a wajen kan kabarin. Ƙasar ta shanye nan take. Ta sake cikawa. Sai da tulun ya ƙare, kofi goma sha ɗaya, ko danshi bai tsaya a sama ba. Yashi ne, na sani, yashi haka yake.

Sannan ta miƙo mini rigar Dosha, ta tsaya a wancan gefen, ta ce in miƙo mata ta kan kabarin, tunda yarinyar ba ta nan. Na miƙa, ta karɓa, ta rungume.

Na ce ta kawo kofin in fasa, tunda ni na jawo. Ta ce a'a. Ta durƙusa da wannan gwiwar, ta daɗe tana riƙe da shi a ƙirji, har na ɗauka ta fasa niyya. Ta yi wa Kaka magana a hankali, yawanci ban ji ba. Abin da na ji shi ne, "Tilla, kin sha, ya isa. Yarinyar ba taki ba ce. Ki je, ba zan daɗe ba." Ta buga shi a kan dutsen kai. Bugu ɗaya ya tarwatse.

Wajen ƙarfe huɗu ne, don muna fitowa na yi la'asar a ƙarƙashin bishiya. Dawowa goya ta na yi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A hanya ta ce mini ɗan iska, na ji daɗi.

Ban san ko mun yi wani abu ba. Ki gaya mini ko mene ne, kada ki ɓoye.

Ƙaninki,
Lukman

*

Chicago, 15 ga Nuwamba

Lukman, bawan gidanmu,

Muna gaisuwa, mu biyu, daga gida. An sallame mu ran Talata. Dosha ta ci dankali ta watsa mini rabi a riga. A takardar sallama likita ya rubuta ba a gano musabbabi ba.

Kwamiti ya ce in biya gilashi, an kuma cire ni daga ajin zangon nan. Malama ta zo asibiti da furanni. Ta ce in na rubuta abin da ya faru za ta yi ƙoƙari a mayar da ni. Na ce mata zan dawo baɗi in karanta littattafan, don yanzu na fara jin abin da suke faɗa. Wannan dai ba na aji ba ne.

Ka ce ƙarfe huɗu ran Alhamis. Agogonmu yana bayan naku da awa guda. Ina zaune gefen gadonta, ma'aikaciya ta shigo ƙarfe uku ta duba ruwan jijiya ta fita. Na miƙa wa Dosha kwalba. Ta kai baki, ba ta hura ba, ta kurɓa kaɗan ta ture. Sai ta juya ta kalli ƙofa. Ƙofar a rufe take, mu biyu ne kawai a ɗakin. Ta bi wani abu da ido daga gefen gado har bakin ƙofar, ta ɗaga hannun da ba allura ta yi masa sai an jima. Daga nan ta yi barci awa goma sha huɗu.

Ka ce wa Goggo ba mu yarda da maganar ba za ta daɗe ba. Muna tafe a jirgin farko na Disamba, tana da jikar da ba ta taɓa ɗauka ba.

Uwargijiyarka,
Binah